Tantabarar Farko

Matar da ke yankan kabeji ce ta fara ganin Kurma, da hantsi, kwance tsakanin kunya biyu yana kallon sama. Ta ɗauka hutawa yake, har ta fara yi masa tsiya a kan wa ke kwanciya a ƙasa da wannan sanyin, sai ta tuna ba ji zai yi ba. Da ta matso ta ga rigarsa ta jiƙe da jini daga wuya har ciki, ta yar da wuƙarta ta ruga.

Kurma shi ne mai gadin injin ban ruwa na gonar, shekara ashirin da ɗoriya. Kowace shekara idan sanyi ya kama, daji ya bushe, tantabarun daji kan sauka a gonakin nan dubu-dubu, su tsattsage kabeji su bar jijiya kawai. Sai manoma su gayyaci duk mai bindigar farauta ya zo ya taimaka. Daga fitowar rana har azahar harbi ake ji ta kowane gefe, don haka ƙarar harbi ɗaya ba ta sa kowa ya ɗaga kai. Wanda ya harbi Kurma ya yi ne a gaban kunnuwan mutane hamsin, kuma babu wanda ya ji komai.

Kafin Sajan na 'yan sanda ya iso, mutane sun riga sun gama shari'a. Akwai wani maharbi da ya zo daga nesa a kan babur, ba wanda ya san danginsa, ana ce masa Baƙo. Jiya an gan shi ya shaƙe wuyan rigar Kurma. Wannan kaɗai ya ishe su. Sajan ya ƙwace shi daga hannunsu leɓensa a fashe, ya kulle shi a ɗakin injin, ya aika a kira masa Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu ya haura saba'in. Ya bi sawun ɓarayin shanu, ya bi na yaran da suka ɓata, ya taɓa bin sawun wata tsohuwa kwana biyu har ya same ta da rai. Abin da mutane ba su sani ba shi ne idanunsa sun fara tafiya. Na kusa yana gani, idan ya durƙusa. Amma taku ashirin gaba, duniya ta zama ruwan wanki. Shekara uku ke nan rabonsa da harbi, yana cewa kafaɗa ce ta hana shi. Ɗansa Auta kaɗai ya sani, shi ne ke tafiya kusa da shi yana faɗa masa ƙasa-ƙasa wane ne ke zuwa, don kada ya ji kunya. 'Ya'ya huɗu ya haifa, uku sun riga shi, uwarsu ta bi su. Auta ne ya rage, magidanci mai mata da 'ya ɗaya, bakanike a gareji, maharbi idan sanyi ya zo.

Ranar nan Auta bai raka shi ba. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi tun shekaranjiya. Mai Sawu ya taho shi kaɗai da sandarsa, a bakin gona ya ɗaga hannu ya gai da wani mutum da ke tsaye. Mutumin bai amsa ba, don mutum-mutumin korar tsuntsaye ne. Sajan yana gefe yana kallo.

"Baba, ka yi haƙuri. Na san abokinka ne," in ji Sajan.

"Tare muka yi yarinta," in ji Mai Sawu. "Ka matsar min da mutanen nan, sun tattake rabin maganar."

Ya durƙusa ya fara rarrafe. Ƙasar da sauran laimar ban ruwa, ta riƙe komai. Ya daɗe yana shafawa da tafin hannu kafin ya yi magana.

"Ba nan ya faɗi ba. Can ya faɗi, kusa da magudanar ruwa. Ya sunkuya ne yana gyara bakin ruwa, sai ya miƙe daidai lokacin da wani ya yi harbi ƙasa-ƙasa. Ya ja jiki har nan, ga gwiwar hannunsa, ga ta kuma."

"Ke nan ba nan take ya cika ba?"

"Ya daɗe. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani ya durƙusa a nan, ga ramin gwiwoyi biyu. Ya ɗaga masa kai ya sa masa buhu a ƙarƙashi, ga shatin saƙar buhun. Daga baya ya zare buhunsa ya tafi."

Sajan ya cire hula ya shafa kai. Daga nan zuwa titi tafiyar minti biyar ce, asibiti kuma ba nisa.

"Ina sawun ƙafarsa?"

"Ya share. Da reshe, yana tafiya da baya har ya shiga magudanar ruwa."

Bai ƙara da cewa sharar ta yi kyau fiye da kima ba. Mai tsoro yakan share ƙasa ya bar ta sumul kamar tsakar gida, shi kuwa wannan sai da ya watsa busassun ganye a kai bayan ya gama.

* * *

Baƙo yana zaune a kan jarkar mai, ya rungume gwiwoyinsa.

"Me ya haɗa ka da marigayi?" in ji Mai Sawu.

"Tsuntsayena ya kwashe, Baba. Na kafa matattu guda takwas a kan tsinke don 'yan uwansu su gani su sauko, na zaga bayan gari, na dawo na tarar ya zuba su a buhu. Na yi ta magana bai ko juyo ba. Wallahi ban san kurma ba ne, na ɗauka raini ne."

"Yau da safe kana ina?"

"Gefen gabas, wajen bishiyoyin nan. Ni kaɗai. Na san ba ni da shaida. Ina da yara uku, Baba, uwarsu ba ta ma san inda nake ba."

Mai Sawu ya sa ya cire takalmi, ya juya shi, ya shafa dunduniyar. Akwai sawun wannan takalmin kusa da inda Kurma ya faɗi, amma raɓar asuba ta kwanta a cikinsa, ke nan na jiya ne. Ya faɗa wa Sajan haka.

"Na yarda da kai," in ji Sajan. "Amma raɓa ba za ta tsaya gaban alƙali ba. In ban samu wani ba, jibi da safe zan kai shi birni. Ka san yadda ake yi da wanda ba shi da kowa a can."

Mai Gona suka samu a rumfar auna kaya, mutum mai ƙiba da saurin fushi. Kowa ya san ya sha cewa zai sallami Kurma, don sau biyu injin na ƙonewa a gabansa bai ji canjin ƙararsa ba.

"Na faɗa, ban musa ba. Shekara biyar ina faɗa, na kore shi? Ni da ko bindiga ban iya riƙewa ba. Tun asuba ina nan da masu lodi, ku tambaye su. Jiya da yamma kuma ina can ƙarshen gona muna shuka wake, har da shi marigayin, shi ya gauraya min irin da jan maganin nan."

Masu lodi shida suka tabbatar. Wannan hanyar ma ta mutu.

Matar Kurma ba ta yi kuka a gabansu ba. Tana zaune a bakin ƙofa da kwanon abincin da ta shirya za ta kai masa. Ta dubi Mai Sawu ta ce, "Yaya, an ce wai ya daɗe bai cika ba. Gaskiya ne?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Shi da ba ya iya kiran mutane da ƙarfi," in ji ta. "Kai ne idonmu, Yaya. Ka nemo min wanda ya zauna kusa da shi ya tashi ya bar shi."

* * *

Da la'asar ya koma gonar shi kaɗai. Bai nemi sawu ba wannan karon. Ya tsaya inda Kurma ya faɗi, ya juya har iska ta bugi fuskarsa, ya tambayi kansa inda shi zai ɓuya da a ce shi ne maharbin. Tantabara iska take fuskanta idan za ta sauka, maharbin kirki kuma yakan ba iska baya. Ya bi wannan lissafin har shingen ƙaya na yamma.

A nan ya samu wurin. An rushe maɓoyar, an watsar da rassan, babu kwanson harsashi ko ɗaya, har ramukan tsinkayen an toshe su da yatsa. Wanda ya yi aikin ya san abin da mai bin sawu zai nema, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Sawu ya daɗe a tsugune. Sannan ya yi abin da tun safe yake gudu. Ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu ƙarƙashin ƙayar ta bayan maɓoyar, yana roƙon Allah kada ya taɓa komai. Yatsunsa suka taɓa gashi.

Tantabara ce guda ɗaya, ta sandare. An tsaga jakar wuyanta, inda abin da ta haɗiya ke taruwa, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya. A ciki ƙwayoyin wake ne masu jan magani.

Wannan aikinsa ne shi kansa. Tun yana saurayi, tsuntsuwar farko da ya harba yakan tsaga wuyanta ya ga abin da garken ke ci a ranar, don ya san gonar da za su koma. Sannan ya jefa ta bayansa ƙarƙashin ƙaya, don jininta na ɓata na cikin buhu. Sauran maharba sun shekara arba'in suna masa dariya, suna ce masa likitan tantabaru, ba wanda ya taɓa kwaikwayonsa. Mutum ɗaya ya koya wa, yana riƙe da ƙaramin hannunsa a kan wuƙar. Auta ya tuna da kwanso, ya tuna da sawu, ya tuna da ramin tsinke, amma wannan hannunsa ne ya yi ta ba tare da ya sani ba, shi ya sa bai tuna ba.

Ya sa ta a aljihun babbar rigarsa ya kama hanyar gida. Sau biyu yana tsayawa a kan gadar magudanar ruwa da hannu a aljihu. Da ya sake ta, ruwan zai tafi da ita, kuma babu mahalukin da zai sani.

* * *

Ya tarar da Auta a tsakar gida lulluɓe da bargo, 'yarsa ƙarama tana kan cinyarsa tana wasa da maɓallin rigarsa. Surukarsa ta kawo masa ruwan ɗumi, da tsohon cikinta tana tafiya da ƙyar.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka sha hanya kai kaɗai."

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi. Ko ƙofa ban leƙa ba tun shekaranjiya."

Surukar ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Mai Sawu ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya yi magana kamar yadda suka saba hira kowace yamma.

"Tsuntsayen nan sun gama da kabejin mutane. Ban san me za a yi musu ba."

"Ai sun bar kabeji," in ji Auta. "Irin waken da aka shuka suka koma."

Ya faɗa ne kafin ya yi tunani. Yarinyar ta ci gaba da jan maɓalli. Mai Sawu bai iya ganin fuskar ɗansa sosai daga inda yake, kuma karon farko ya gode wa Allah da hakan.

"Jiya da yamma aka shuka waken," in ji shi a hankali.

"A bakin mutane na ji."

"To," in ji Mai Sawu. "Na taɓa gaya maka, tun kana ƙarami, kada bakin bindiga ya sauko ƙasa da kan shinge. Amma kuskure kowa na yi, Auta. Wanda ya yi kuskure ya je ya faɗa da bakinsa, hukuncinsa daban. Jibi za a kai mutumin nan birni. Yana da yara uku."

"Allah ya kyauta," in ji Auta. Ya ɗauki 'yarsa ya shiga ɗaki.

Washegari Mai Sawu bai fita ba. Ya zauna a bakin ƙofa tun safe har rana ta faɗi, yana jiran ɗansa ya fito ya ce su tafi wurin Sajan. Ya shirya har maganar da zai yi masa a hanya. Auta ya fito sau biyu, ya gaishe shi, ya wuce. Tantabarar ta fara wari a aljihunsa.

* * *

Da safen da za a tafi da Baƙo, Mai Sawu ya ce wa Sajan ya tara masa duk wanda ya riƙe bindiga a gonakin nan bana, har da marasa lafiya. Suka taru a gaban ɗakin injin, maharba tara, da Mai Gona, da matar Kurma a gefe. Aka fito da Baƙo da ankwa. Auta yana can ƙarshe, ya jingina da bango.

Mai Sawu bai yi dogon bayani ba. Ya ce Mai Gona yana rumfa, shaidu shida. Ya ce Baƙo yana gabas, harbin kuwa daga shingen yamma ya fito. Sannan ya ciro tantabarar ya ajiye a kan murfin rijiya, ya buɗe tsagar da yatsa, jajayen ƙwayoyin suka zubo.

"A bayan maɓoyar wanda ya yi harbin na same ta."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Maharban nan duk sun san aikin wane gida ne. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Likita," a hankali, sunan tsiyar ya fito masa kamar ta'aziyya.

"Mutum biyu ne ke yin wannan," in ji Mai Sawu. "Ni da ɗana."

Ya tsaya. Ya ba Auta lokaci, lokaci mai yawa, har injin ya canza numfashi ya dawo. Daga ƙarshen bangon babu motsi.

"To, ni ne," in ji shi. "Kwaɗayin harbi ya dawo min. Na ɗauki bindigar yaron yana kwance, na zo, na yi harbi ƙasa. Na ga abin da na yi, tsoro ya kama ni, na gudu. Ka cire wa bawan Allahn nan ankwa, Sajan, ga hannuna."

Ya miƙa hannayensa biyu. Bai shirya wannan maganar daga gida ba. Kuma ko a lokacin da yake faɗinta, ba don a yarda yake faɗa ba. Jira yake ya ji murya ɗaya ta ce, a'a Baba, ba kai ba ne. Da ya ji wannan, ko shekara nawa aka yanke wa yaron, zai san yana da ɗa, zai riƙe masa iyalinsa, zai riƙa kai masa ziyara har ranar da ƙafafunsa suka gaza. Ya kasa kunne da duk ƙarfinsa. Abin da ya ji shi ne tarin wani, da kukan tantabaru daga nesa.

Sajan bai taɓa hannayen ba.

"Baba," in ji shi, "wane ne wancan a tsaye bakin gona?"

Mai Sawu ya juya. Akwai wani abu dogo, baƙi-baƙi, a cikin farin da ya rufe komai. Ya san tarkon, amma ba shi da hanyar fita.

"Mutum-mutumi ne."

"Matar da ke yankan kabeji ce, tana ɗaga maka hannu. Shekaranjiya kuma mutum-mutumin ka gaisar, ina tsaye." Sajan ya sauke masa hannayen da kansa, a hankali. "Wanda ba ya bambance mutum da sanda ba zai sauko da tantabara daga sama ba. Ka yi haƙuri, Baba."

Ya wuce shi ya nufi bango. Sai a lokacin Auta ya yi magana.

"Ban gan shi ba, wallahi. Miƙewa ya yi kawai. Na sa masa buhu, na ce bari in kira mutane, sai na tuna ga mai ciki a gida, ga yarinya. Na ce ai wani zai zo ya gan shi."

"Ya san kai ne?" in ji matar Kurma.

"Ya riƙe min hannu," in ji Auta.

Aka cire ankwar daga hannun Baƙo aka mayar a nasa. Da za su wuce, ya tsaya kusa da mahaifinsa, kusa sosai, daidai inda tsohon ke iya ganin fuska. Ya ce, "Baba." Mai Sawu ya dube shi da kyau, hancin uwarsa, tabon da ya samu a goshi yana shekara shida. Sajan ya ja Auta suka wuce.

* * *

Mutane suka watse ɗaya-ɗaya. Baƙo ya zo ya durƙusa zai yi godiya, Mai Sawu ya ce masa ya tashi ya tafi wurin yaransa. Ranar babu wanda ya yi harbi. Tantabarun suka gane, suka sauko garke bayan garke, yana jin fukafukansu a saman kansa da ƙarar bakunansu a kan ganye.

Matar Kurma ce kaɗai ta rage. Ta zo ta tsaya a gabansa.

"Da na san inda sawun zai kai ka, Yaya, ban sani ba ko zan roƙe ka."

"Da kin roƙa, da ba ki roƙa ba, can zai kai ni."

Ya laluba sandarsa ya miƙe. A gida akwai mai ciki da ƙaramar yarinya suna jiran wanda zai gaya musu, kuma shi ne zai gaya musu. Ya taka uku ya tsaya, don bai san ta ina hanyar gadar take ba, kuma yanzu kowa ya san bai sani ba.

"Ta hagu," in ji ta. Ta kama ƙarshen sandar ta shige gaba.